Ƙwaryar da Ba Ta Ɗaukuwa da Hannu Ɗaya

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakanmu ya koma ranar wata Laraba da hantsi, a kan buzunsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kurfi da Wurma. Ba wanda ya san shekarunsa daidai. Shi kansa cewa yake ya bar lissafi tun da haƙoransa suka ƙare. Amma mutumin da ya je yaƙin Bama da ƙafarsa lokacin yaƙin duniya na biyu, in bai cika ɗari ba to yana leƙenta. Saboda yaƙin nan ne kowa ke kiransa Na-Bama, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Mu jikokinsa kuwa Tsoho muke ce masa, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu.

Ina Dutsin-Ma, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare, Yaya ya bugo mini waya. "Tsoho ya cika," abin da ya ce ke nan, ya kashe. Na yafa mayafi na shiga motar Kurfi. Lokacin dawa ta yi kai, kuma duk wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san abin da hakan ke nufi: gona ɗaya tana iya ɓoye ɓarayin daji da baburansu. A motar kowa idonsa a kan karan dawa. Allah ya yafe mini, ban yi wa kakana kuka a hanyar nan ba. Tsoro bai bar mini wurin kuka ba.

A gaggauce aka yi jana'iza. Maza sun ce ko a maƙabarta sai da 'yan sa-kai biyu suka juya wa kabarin baya, suka fuskanci daji da bindigogi har aka gama. Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi, Liman ne ya fi kowa kuka, shi da ya shekara talatin yana musu da mamacin. Yana share ido da hannun riga yana cewa, "To ni yanzu da wa zan yi faɗa?" Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce bai taɓa amsa gaisuwarta ba sai ya tambaye ta ko ta sha ruwa. Wani Alhaji mai hatsi ya ce, "Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Sai dai kirkin nasa ya yi yawa." Kowa ya dubi tabarma.

Gwaggo kuwa, 'yarsa ɗaya da ta rage, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ta ja ni madafi ta riƙe mini hannu.

"Ba mutuwar Baba ke damuna ba," ta ce. "Jibi ke damuna. Baffa ya aiko. Ya ce zai zo gaisuwa ranar sadakar uku, shi kaɗai, da hantsi."

Baffa Bafulatani ne da ya shekara arba'in yana kiwon shanun gidanmu. Ɗansa yana cikin waɗanda aka gani ranar da ɓarayin daji suka kashe autanmu a gona. Yaya kuwa shi ne shugaban 'yan sa-kai na garinmu, kuma ya rantse a gaban jama'a cewa ranar da babu Tsoho, in Baffa ya tako garin nan, a nan za a rufe shi. Shekara biyu ba abin da ya tsaya tsakanin bindigar Yaya da ƙirjin Baffa sai Tsoho, ga shi yau mun ba da shi ga ƙasa.

Sai na faɗi ko wane ne Tsoho kafin a gane abin da ya faru ranar Juma'ar. Ina kuma tsoron a manta da shi, domin a ƙasarmu yanzu matattu sun yi yawa, na jiya yana danne na shekaranjiya.

Gajere ne, baƙi, mai manyan kunnuwa. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ba ya cin abinci sai ya ɗebi loma ya jefa wa kaji, har Gwaggo tana cewa kajin gidanmu sun fi mutanen gidan ƙiba. Ni "amarya" yake ce mini, wasan kaka da jika, ni kuma in ce, "Wa zai auri mai baki ba haƙori?" Sai ya yi dariya har ya shaƙe. Yana da taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya mutu. In ya ce a'a, ko Hakimi aka ɗauko ɓata lokaci ne.

A ƙofar gidanmu akwai itacen bedi, wato darbejiya, a gindinsa akwai randa. Tun kafin a haifi mahaifinmu randar nan take shan ruwa kullum safe. Manomi ya sha, mai tallar nono ta sha, direban da motarsa ta lalace ya sha. Amma ba moɗa a kanta, ba kofi. Ƙwarya ce babba mai faɗi, wadda in an cika ta ba ta ɗaukuwa sai da hannu biyu. In ta fashe sai ya sa a nemo irinta. Sau nawa muna sayo masa kofi mai mariƙi daga Dutsin-Ma! Sai ya karɓa ya sa albarka, gobe ka ga kofin a madafi ana awon gishiri da shi.

Ina 'yar shekara goma sha biyu na matsa masa. Na ce, "Tsoho, wai mi ya haɗa ka da ƙwaryar nan? Ruwa zuba yake mana a ƙirji."

Ya ce in zauna. Ya ce a Bama, harsashi ya same shi a ƙafa, ya ɓace wa 'yan uwansa a cikin kurmi kwana biyu ba ruwa. Ya ja jiki har ya iso wani ɗakin ibada na katako. Mutanen wurin masu aske kai ne ƙwal, suna yafa mayafi mai launin manja. Daga baya da na yi karatu na san mabiya addinin Buddha ne, shi dai "masu jan mayafi" yake ce musu har ya mutu. Yana shiga sai ya ga sojan Japan kwance a kan tabarma, an ɗaure masa ciki da tsumma. Irin waɗanda suka kashe abokinsa ɗan Kankiya mako guda kafin nan.

"Na ɗaga bindiga," in ji Tsoho. "Wallahi amarya, harbi zan yi. Sai babbansu, wani tsoho siriri, ya taso. Bai yi magana ba, da ma ba ma jin yaren juna. Bai riƙe ni ba, bai roƙe ni ba. Ya shiga tsakaninmu da wani akushi cike fal da ruwa, ya miƙo mini. Na kai hannu ɗaya, ya janye. Na sake kaiwa, ya sake janyewa. Ga ƙishi yana neman kashe ni. Sai da na ajiye bindigar a ƙasa na kai hannu biyu, sannan ya sakar mini. Ina gama sha ya karɓa, ya ƙara ruwa, ya nuna mini mutumin da ke kwance. Ni na ɗaga masa kai ya sha."

Kwana tara ya yi a wurin. Sojan Japan ɗin ya mutu a rana ta huɗu, Tsoho na cikin waɗanda suka haƙa masa rami. Kullum da safe yana jin masu jan mayafi suna wani karatu a tare. Da 'yan uwansa sojoji suka zo ɗaukarsa, ya sa tafinta ya tambaya. Aka ce masa fatan alheri suke yi hawa-hawa. Mutum ya fara yi wa kansa, sannan wanda yake ƙauna, sannan wanda bai sani ba, sannan maƙiyinsa, har ya kai ga tsuntsu da ƙwaro. Suka ce na maƙiyin shi ne mai wuya, shi ya sa ba a farawa da shi.

Abin da ya dawo da shi gida daga yaƙi ke nan, shi da ɗingishi. Bayan kowace sallar asuba, in ya gama tasbihi, sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah a bayyane: kansa, iyalinsa, maƙwabta, matafiya da bai sani ba. Daga nan sai ya ambaci duk wanda yake jin haushinsa, da sunansa, ya roƙa masa lafiya da shiriya. Mutanen gari har kasa kunne suke su ji wa ya shiga jerin yau. Liman ya fi kowa shiga.

Asalin faɗansu ke nan. Liman ya ce, "Malam Na-Bama, wannan tsari na waɗanda ba sa sallah ne ka kwaso."

Tsoho ya ce, "Allah gafarta Malam, wa nake roƙo? Allah ko gunki?"

"Allah."

"To mi ya yi saura? Ranar da Manzon Allah ya shiga Makka, mi ya yi wa waɗanda suka kore shi? Kai ka karanta mana a watan azumi. Ni dai a littafinka na ji, a hannun wancan tsohon na gani."

Liman ya ce ba a nan take ba, Tsoho ya ce a nan take. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, amma kullum da yamma tare suke cin goro a gindin bedi.

Sai lalacewa ta zo. Ba zan iya cewa ga ranar da ta fara ba. An fara da satar shanu, aka koma ɗaukar mutane. Matasanmu suka haɗa sa-kai, suka sayi bindigogi ƙirar maƙera. Aka hana Fulani cin kasuwa, na kirki da na banza duka. Aka ƙona rugage, har da ta Baffa, wanda shanunsa da namu ɓarayin ne suka kore tun da fari. Bayan ƙona rugar ne ɗansa ya shiga daji. Yaron nan tare muka sha fura a ƙwarya ɗaya muna yara. Rabin garinmu suka yi hijira Kurfi da Dutsin-Ma. Na yi, na yi Tsoho ya biyo ni, ya ce, "In na tafi wa zai cika randa?"

Wata rana na zo ganinsa, goye da 'yata ta biyu. Bayan azahar sai muka ji babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kan ka ce kwabo gari ya watse, 'yan sa-kai kuma sun tafi wani ƙauye. Na faɗa zaure na laɓe bayan ƙyaure, na toshe bakin jaririyar da tafin hannuna har na ji tsoron kada in kashe ta da kaina. Ta tsagar ƙyauren ina ganin Tsoho zaune a kan buzunsa, ko motsi bai yi ba. Babura uku suka tsaya. Wani mai rawani har ido ya sauko da bindiga a hannu, ya ce, "Kai tsoho, ba ka gudu?"

"Da wace ƙafa?" in ji Tsoho. "Sannunku da rana. Ga ruwa."

Ya cika ƙwarya ya miƙa. Mutumin ya kai hannun hagu, ƙwarya ta karkace, ruwa ya zuba masa a takalmi. Na ce shi ke nan, an gama da mu. Sai na ga ya rataya bindigar a baya, ya janye rawani, ya karɓa da hannu biyu. Ashe yaro ne, ko gemu bai yi ba. Suka sha su shida, suka hau babura, suka wuce. A unguwarmu ba su taɓa kowa ba ranar. A unguwar gabas sun ɗauki mutum biyu.

Da suka tafi na fito. Na fashe da kuka na ce, "Tsoho, ba ka ji tsoro ba?" Ya nuna mini buzun, ya jiƙe. Ya ce, "Kada ki faɗa wa Gwaggonki. Ai tsoro ba ya tsufa." Yau na faɗa, Allah ya sa ya yafe mini.

Daga ranar gari ya rabu biyu a kansa. Wasu suka ce ya ceci unguwa. Wasu suka fara raɗa cewa shi ke shayar da ɓarayi, watakila ma shi ke ba su labari. Ba zan yi ƙarya in ce ƙwaryar tana maganin komai ba. Wata guda bayan nan suka samu autanmu yana noma a gonar bakin rafi, suka harbe shi a baya yana gudu. Shekararsa ashirin da biyu, an sa ranar aurensa. Waɗanda suka tsira sun ce sun ga ɗan Baffa a cikin maharan. Ba wanda ya ce shi ya yi harbin, amma ba wanda ya damu ya tambaya.

Ranar da aka rufe auta, Yaya ya dawo daga maƙabarta ya sa gindin bindiga ya fasa randar. Washegari Tsoho ya sa aka ɗebo ruwa a bokiti, ya zauna kusa da sakainun da ƙwaryarsa, a cikin rana, ya ƙi shiga inuwa. Kwana uku yana haka. Mutane suna wucewa suna kallon Yaya. Ranar kasuwar Kurfi sai ga Yaya da sabuwar randa ɗaure a bayan babur. Ya dire ta, kuma a wurin ne ya yi rantsuwar nan a kan Baffa, kowa yana ji. Tsoho ya ce, "Na ji. Allah ya ba ka lafiya." Da asuba aka ji sunan Yaya a ƙarshen jerin addu'a, tare da na ɗan Baffa.

Ni ma na yi nawa faɗan da shi, kuma shi ya fi ci mini rai. Wata biyu kafin rasuwarsa na zo duba shi. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya ce in buga masa lambar da ke jiki. Na buga na kara masa a kunne. Sai na ji ya ce, "Ashe an yi rashi. Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya yafe masa, ya yafe mana." Da ya gama na ce wa ya rasu. Ya ce ɗan Baffa, an kashe shi a wani artabu a daji.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Da wayata? Ka san in aka ga lambar nan a wayata mi za a yi mini? Kuma wanda ya kashe jikanka kake wa addu'a?"

Ya ce, "Ubansa na yi wa gaisuwa. Na san yadda ake ji in an rufe ɗa, ni na rufe ubanku. Duk ƙasar nan ba mai ce wa mutumin nan sannu."

Na goge lambar a gabansa, na tafi ban yi masa sallama ba. Mako uku ban zo ba. Da Gwaggo ta aiko cewa jiki ya yi tsanani, na zo na same shi ya koma kamar ƙaramin yaro a cikin bargo. Ya ce, "Amarya ta yi yaji ta dawo." Na durƙusa ina kuka. Ya kama gefen mayafina ya ce, "In na tafi Baffa zai zo, na san halinsa. In ya zo, ki cika ƙwarya fal. Kada ki ba shi. Yayanki za ki ba, ya miƙa masa. Ba ɗaki za ki kira Yayan ba, a gaban mutane za ki ba shi." Na ce to, don kawai ya samu ya huta. A raina na ce ba mahaukacin da zai zo.

Ga shi kuwa ya aiko zai zo.

Ranar Alhamis na nemi Yaya in yi masa magana. Na same shi a zaure yana goge bindiga da tsumma. Na ce, "Yaya, ka ji abin da ake faɗa?" Bai ɗago ba ya ce, "Koma cikin mata." Na je wurin Liman, ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma yaran nan sun daina jin maganar kowa. Gwaggo ta ce a aika wa Baffa kada ya zo. Da wa? Lambar da ke akwai ni na goge ta da hannuna.

Juma'a da safe aka yi waina da gumba, maza suka cika ƙofar gida. Aka yi addu'ar uku aka shafa. Ba wanda ya tashi, kowa ya san abin da yake jira. Yaya yana zaune a wurin karɓar gaisuwa, bindiga a kan cinya, 'yan sa-kai biyar tsaye a bayansa. Ina zaure, bayan ƙyauren nan dai, ina leƙe ta tsagar nan dai.

Da rana ta ɗaga sai maganganu suka ɗauke. Na hango Baffa yana tahowa ta hanyar gonaki, a ƙasa, ba sanda ma a hannunsa. Ya rame har malafarsa ta yi masa yawa. Ya tsaya daga nesa ya cire takalmi, ya yi sallama. Liman kaɗai ya amsa. Yaya ya miƙe tsaye. Na ji ƙarar ɗana kunamar bindiga, ƙas, a cikin shirun nan.

Ba jarumta ce ta fitar da ni ba, kada a yi mini shaidar da ban cancanta ba. Ni kaina ba na son ganin fuskar Baffa, domin da na dube shi auta nake gani. Gwaggo ce ta dangwara mini ƙwarya a ƙirji ta ce, "Kin yi masa alkawari, ina bakin ƙofa na ji. Fita." Ta tura ni.

Mace a tsakiyar maza a wurin makoki! Wani ya ce, "Ke, lafiya?" Na wuce na buɗe randa. Kwana uku ba wanda ya tuna ya cika ta, ruwan ya koma can ƙasa, sai da na zura hannu har kafaɗa. Na cika ƙwarya fal. Daga bedi zuwa inda Yaya yake bai fi taku goma ba, amma ruwa yana ta zuba mini a ƙafa. Na shiga tsakaninsu. Bakin bindigar yana daidai cikina, Baffa yana bayana, ina jin numfashinsa.

Na ce, "Yaya, ga ruwan baƙo."

"Kauce."

"Tsoho ne ya ce kai za ka ba shi."

"Na ce ki kauce!"

Ɗaya daga cikin yaransa ya ce, "Oga, bari in janye ta." Liman ya ce, "Duk wanda ya taɓa ta, Allah ya isa." Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Idon Yaya ya kaɗa ya yi ja. Ya dubi ƙwaryar, ita ce dai wadda muka sha ruwa da ita tun muna rarrafe, ga ɗinkin da Tsoho ya yi mata da zare a gefe. Sai ya kai hannun hagu zai karɓa, dama tana kan bindiga.

Na janye.

Wallahi ban shirya yin haka ba, hannuna ne ya tuna. Ya sake kaiwa, na sake janyewa. Yaya ya san labarin Bama kamar yadda na sani, ya ji shi ya fi sau ɗari. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Har da ke?" Hawaye kawai nake. Hannuwana sun gaji, na san in ya ƙara minti ɗaya ƙwaryar za ta suɓuce, kuma ban san abin da zai biyo baya ba.

Ya juya ya jingina bindigar a jikin bango. Ya karɓa da hannu biyu. Na kauce. Ya tsaya gaban Baffa, bai dube shi ba, ya miƙa. Baffa ya sha, haƙoransa suna bugun bakin ƙwaryar kowa yana ji. Da ya gama ya durƙusa a gefen tabarma ya ce, "Na zo gaisuwar wanda ya yi mini gaisuwa. A yi masa addu'a." Ya ɗaga hannu. A wurin makoki in baƙo ya ce a yi addu'a, ba mai zama da hannu a ƙasa. Liman ya ɗaga, dattawa suka ɗaga. 'Yan sa-kai suka dubi juna, ɗaya bayan ɗaya suka rataya bindigogi suka ɗaga. Yaya yana riƙe da ƙwarya, ya ajiye ta, shi ne na ƙarshe.

Da aka shafa Baffa ya miƙe zai tafi. Sai Yaya ya ɗauki bindigarsa ya ce wa yaransa, "Kada wanda ya biyo ni." Ya ce wa Baffa, "Wuce." Suka bi hanyar gonaki, Baffa a gaba, Yaya a baya, har dawa ta haɗiye su.

Ba wanda ya zauna. Gwaggo ta fito har ƙofar zaure, ta riƙe ni, farcenta yana shiga mini fata. Garin gaba ɗaya muka tsaya muna sauraron ƙara ɗaya. Wata akuya ta ture kwano a cikin gida, sai da wata mata ta yi salati da ƙarfi. Liman yana jan carbi. Inuwar bedi ta matsa daga kan randa ta koma kan tabarmi, ba mu ji komai ba.

Ana gab da kiran sallar Juma'a Yaya ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya raka shi har ƙetaren rafi, don akwai yaran wani gari da ke tsaron hanyar, ba su san da maganar ba. Sun bi ta gefen gonar da aka kashe auta. Ya dube ni ya ce, "Kada ki ɗauka na yafe. Ban yafe ba."

Na ce, "Ni ma ban yafe ba, Yaya."

Har yau ƙasarmu ba ta zauna ba. Har yau in na shiga motar Kurfi idona a kan dawa yake. Ban san inda Baffa yake ba, ko yana raye. Ina gwada addu'ar Tsoho da asuba, ina yi wa kaina, da 'ya'yana, da maƙwabta, da matafiya. In na zo hawa na ƙarshe sai harshena ya yi nauyi, yawanci a nan nake shafawa.

Allah ya ji ƙan Na-Bama, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da wanda ya sani da wanda bai sani ba. Allah ya haɗa shi da autanmu. Ranar arba'in na koma gida, na tarar da randa cike, an yayyafa ruwa a gindinta. Na tambayi Gwaggo wa ke cikawa. Ta nuna mini Yaya da haɓa, ta ce kullum da safe, kuma ba ya son a yi maganar. Ta ce wani ya kawo kofi mai mariƙi ya ɗora a kai, don ƙwaryar ta tsufa. Kofin yana madafi, da shi muka auna gishirin abincin sadaka.